DANDALIN ZUMUNTA NA CIKIN SALULA: MU SAN SHI KAFIN MU SHIGE SHI



A da, in mai gari yana da sanarwa, mai shela yake kira, a buga ganga a dandali. In ɗanka ya tafi bida Abijan ko Legas, sai ka yi wata biyu ko uku kana jiran wasiƙa ko kaset ta hannun wani direba. Yau abin ya sake. Yaro yana Libiya, ya yi magana cikin salula, kafin ka gama alwala muryarsa ta iso gidanka.

Wannan ci gaba ne. Amma hanyar da ke kawo muryar ɗanka, ita ce kuma ke kawo muryar ɗan damfara da ta mai ƙarya. Hanyar ba ta tantance su. Mai salula shi ne zai tantance. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda abin yake aiki.

MENE NE DANDALIN SADA ZUMUNTA?

Wuri ne na haɗuwa da ke cikin intanet. Intanet kuwa ita ce babbar hanyar da ta haɗa kwamfutoci da saluloli na duniya. A wannan dandali mutum yakan yi rajista da sunansa da lambar salularsa. Yakan sa hotonsa. Daga nan sai ya nemi ƴan uwa da abokai, su ma su neme shi. Abin da ya rubuta, ko ya faɗa, ko ya ɗauka a hoto, suna gani. Suna iya nuna cewa ya yi musu daɗi. Suna iya mayar da magana. Suna iya tura shi gaba ga waɗansu.

Dandalin ba iri ɗaya ba ne. Facebook kamar kasuwar mako yake: in ka ɗaga murya, da wanda ka sani da wanda ba ka sani ba duk suna iya jin ka. WhatsApp kamar zaure yake: kana magana da mutum ɗaya, ko da ƙungiyar mutane da ake kira gurup. Gurup ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1.024. TikTok da YouTube kuwa kamar majigi suke: bidiyo ne ke bin bidiyo, ba iyaka.

SU WA KE DA SHI?

Waɗannan dandali ba na gwamnati ba ne. Ba na kamfanin salularka ba ne. Na waɗansu manyan kamfanoni ne na ƙasashen waje.

Wani ɗalibin jami'ar Harvard ta Amurka, Mark Zuckerberg, shi da abokansa suka buɗe Facebook a shekarar 2004. An buɗe YouTube a 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006. An buɗe WhatsApp a 2009. Kamfanin Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014. A 2021 ya sake wa kansa suna, ya koma Meta. Ke nan Facebook da WhatsApp da Instagram duk ƴan gida ɗaya ne. TikTok kuwa wani kamfanin ƙasar Sin ne mai suna ByteDance ya ƙirƙiro shi.

A shekarar 2023, masu shiga Facebook kowane wata sun wuce mutum miliyan dubu 3. Tun 2016 ana iya juya Facebook ya koma da harshen Hausa.

TA INA SAƘO YAKE BI?

Mu ɗauki misali. Wata uwa a wani ƙauye na Tasawa ta yi saƙon murya zuwa ga ɗanta da ke Maraɗi. Tsakaninsu ba nisa. Amma saƙon ba ya miƙewa kai tsaye.

Da farko salula takan mayar da muryar ta zama lambobi. Lambobin su tashi zuwa dogon ƙarfen rezo da ke kusa da gari. Daga can su bi wayoyin kamfanin salula. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, saboda haka wayoyin sukan ratsa ƙasashen maƙwabta har bakin ruwa. A ƙarƙashin teku akwai manyan wayoyi da aka shimfiɗa tsakanin nahiyoyi. Ta cikinsu saƙon yake isa manyan ɗakunan kwamfutoci na kamfanin. Daga can a juyo da shi zuwa salular ɗan. Duk wannan tafiya ba ta wuce ƙiftawar ido kaɗan.

Wani lokaci hanyar takan yanke. Ran 4 ga watan Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cik a duniya duka, har wajen awa 6. A watan Maris 2024 waɗansu wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka shiga wahalar intanet. Saboda haka kada mutum ya ajiye dukan lambobinsa da lissafin bashinsa cikin salula kaɗai. Littafi da alƙalami ba sa jiran rezo.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a riƙe. Abin da ka sa a Facebook ko TikTok yana zaune cikin kwamfutocin kamfanin. Saƙon WhatsApp kuwa, tun 2016, a kulle yake tafiya, kamar wasiƙa cikin ambulan da aka manne. Mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗe shi. Amma in ya isa, wanda ya karɓa yana iya ajiye shi, ya nuna wa wani, ko ya tura wa gari duka. Kulle yana tsare saƙo a hanya. Ba ya tsare shi a hannun mutum.

WA KE ZAƁAR ABIN DA KAKE GANI?

In ka buɗe Facebook ko TikTok, ba dukan abin da aka sa kake gani ba. Ya yi yawa. Akwai wani tsarin lissafi cikin kwamfutocin kamfanin da ke zaɓar maka. Ku ɗauke shi kamar dillali mai wayo da ke bin ka a kasuwa. Yana lura da rumfar da ka tsaya. Yana lura da daɗewarka. In ka tsaya kallon kokowa, gobe kokowa zai kawo maka. In ka tsaya kallon zage-zage, zage-zage zai ƙaro maka.

Wannan dillali ba ya tambaya ko abu gaskiya ne. Abin da yake aunawa shi ne: mutane sun tsaya? Sun yi magana a kai? Sun tura gaba? To, mun san halin ɗan Adam. Labarin ban tsoro da na ban haushi sun fi tara jama'a. In faɗa ya tashi a kasuwa, mai tallan magani ma yakan rasa masu saurare. Shi ya sa ƙarya mai zafi takan riga gaskiya mai sanyi isa gari.

IN SHIGA KYAUTA NE, INA RIBAR KAMFANI?

Ba a biyan kuɗin rajista. Amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ribar kamfanin tana cikin talla. A shekarar 2023 kamfanin Meta ya samu kuɗin shiga wajen dalar Amurka miliyan dubu 135. Fiye da kashi 95 cikin 100 na wannan kuɗi daga talla ya fito.

Ga yadda abin yake. Kamfanin yana tara bayani a kanka: shekarunka, garin da kake, irin salularka, abokanka, da abin da kake son kallo. Mai haja ya zo ya biya, ya ce a nuna tallarsa ga samarin Damagaram, ko ga matan Yamai. Sai a nuna musu. In ka daɗe kana kallo, tallar da za ka gani ta ƙaru, ribar kamfani ta ƙaru. Ashe lokacinka da bayaninka su ne kuɗin shigarka.

Wannan bayani yana iya faɗawa hannun da bai dace ba. A 2018 an gano cewa wani kamfani mai suna Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane har kimanin miliyan 87 na Facebook ba da saninsu ba, don aikin siyasa. A 2019 hukumomin Amurka suka ci Facebook tarar dala miliyan dubu 5.

AMFANINSA GARE MU

Na ɗaya, zumunci. Ɗan bida yana ganin jaririn da aka haifa masa ran suna. Labarin rasuwa yana isa ga dangi a yini ɗaya. Saƙon murya ya sauƙaƙa wa wanda bai iya rubutu ba tukuna.

Na biyu, ciniki. Mai albasa a Galmi yana iya jin kuɗin buhu a Yamai ko Kwatanu kafin ya sallama wa mai saye. Mai rago yana iya tura hotonsa ga mai saye kafin babbar salla. Mace mai ƙuli-ƙuli ko mai ɗinki tana nuna hajarta daga cikin gida.

Na uku, noma da kiwo. Manomi ya ga tsutsa a zangarniyar hatsinsa. Ya ɗauki hoto, ya tura wa malamin gona, a gaya masa abin da zai yi. Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin Nijar, tana da gurup-gurup na WhatsApp inda ake ba manoma shawara da Hausa da Zabarmanci.

Na huɗu, aikin gayya. Ƴan gari da ke waje sukan buɗe gurup. Su tara kuɗi a gyara rijiya, ko a yi wa makaranta rufi, ko a kai mara lafiya likita. In ma'aji yana sa lissafi cikin gurup kowa ya gani, zargi yakan ragu.

Na biyar, karatu. A shekarun 2009 da 2010 an yi wani gwaji a cibiyoyin yaƙi da jahilci na jihohin Doso da Damagaram. A waɗansu ƙauyuka an koya wa ɗalibai aiki da salula tare da karatu. Da aka yi jarrabawa, sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Dalili a fili yake: wanda ke rubuta saƙo kullum ba ya mance baƙaƙe.

HAƊARINSA

1. Labarin ƙarya

Mu yi lissafi tare. Mutum 1 ya tura saƙo ga mutum 10. Kowane cikinsu ya tura wa 10, sun zama 100. Zagaye na uku 1.000. Na huɗu 10.000. Na biyar 100.000. Duk wannan yana iya faruwa tsakanin azahar da la'asar.

A watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya bazu a Nijeriya. An ce wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum. Jama'a suka riƙa tada ƴan uwansu da asuba don su yi. Ƙarya ce. Gishiri mai yawa yana tada hawan jini. Aƙalla mutum 2 sun mutu, an kwantar da waɗansu asibiti. Waɗanda suka tura saƙon ba mugaye ba ne. Ƙauna ce ta sa su. Amma ba su bincika ba.

A ƙasar Indiya, a 2017 da 2018, an yi ta yaɗa jita-jitar masu satar yara ta WhatsApp. A watan Yuli 2018, a wani ƙauye mai suna Rainpada, jama'a suka far wa waɗansu baƙi 5 a ranar kasuwa, suka kashe su. Ba su saci ɗan kowa ba. Bayan irin waɗannan kashe-kashe ne WhatsApp ya rage tura saƙo: daga 2019, wuri 5 kaɗai ake iya tura shi a lokaci guda.

Hoto ma yana ƙarya. Ana ɗauko tsohon hoton wata ƙasa, a ce jiya ne a garin kaza. Ana yin haka don a haɗa manomi da makiyayi, ko ƙabila da ƙabila. Yanzu kuma akwai na'urorin da ke ƙirƙirar hoto da bidiyo da muryar mutum, a sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. A da mukan ce gani ya kori ji. A cikin salula, gani ma sai an bincika.

2. Damfara

Ɓarawon zamani ba ya haura katanga. Ga dabarunsa guda 3 da suka fi yawa.

Ya aiko saƙo: ka ci kyauta, ko ana rabon tallafi, amma sai ka fara aika ɗan kuɗin rajista. In ka aika, shi ke nan.

Ya kira ka da ladabi, ya ce waɗansu lambobi 6 sun shigo salularka bisa kuskure, ka karanta masa. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. In ya same su, ya ƙwace shi. Sai ya riƙa rubuta wa danginka da sunanka: ina cikin matsala, a aiko kuɗi da gaggawa.

Ya sa hoton wani ko na wata, ya yi alkawarin aure, ko aiki a ƙasar waje, ko kuɗi mai haihuwa cikin mako guda. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

3. Tonon asiri

Magana zarar bunu ce. Hoto ya fi ta. In ya bar salularka, ba ka da iko da shi kuma. Ko ka goge naka, yana nan cikin ta wani. Akwai ƴan mata da samari da aka yaudara suka aika hoton tsiraici, daga baya aka riƙa yi musu barazana don su biya kuɗi. Akwai auren da ya mutu saboda saƙon murya ɗaya da aka yi cikin fushi. Haka kuma, wanda ke nuna garkensa, ko kuɗin da ya samu, ko ranar tafiyarsa, ya sani ba masoya kaɗai ke kallo ba.

4. Asarar kuɗi da lokaci

Bidiyo yana cin mega fiye da rubutu da murya. A ce mutum yana sayen mega na dala 40 kullum. A kwana 30 ya kashe jika 6. A wata 12 ya kashe jika 72. Kowa ya auna wannan da kuɗin taki, ko na tunkiya, ko na littattafan yara. Ga kuma kuɗin cajin batir. Ga saurayin da ya kwana yana kallo, gari ya waye ya kasa riƙe hauya.

5. Yara

Dokar yawancin waɗannan kamfanoni ta ce sai mai shekara 13 zai yi rajista. Amma ba mai tsayawa bakin ƙofa ya duba takardar haihuwa. Yaro yana iya cin karo da hotunan batsa, ko na kisa, ko da babban mutum mai mugun nufi. Tsaron yana wuyan iyaye.

ME DOKA TA CE?

Waɗansu suna tsammanin abin da aka faɗa cikin salula ba ya kai mutum gaban alƙali. Kuskure ne. A watan Yuli 2019 Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan da ake yi ta intanet. A 2022 an cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna. A watan Yuni 2024 an mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. An kuma tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ga mai yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a. Ku lura da kalmar yaɗawa. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba kariya ce da mutum zai dogara da ita ba.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Kafin ka tura saƙo gaba, ka tambayi kanka abu 3. Wa ya faɗa? Yaushe? In ƙarya ne, wa zai cutu?

2. Ka dubi saman saƙon WhatsApp. In akwai ƴar kibiya, wanda ya aiko maka ba shi ya yi saƙon ba. In kibiya 2 ce, saƙon ya bi hannu da yawa, asalinsa ya ɓace.

3. Saƙon da ya ce "tura wa kowa yanzu-yanzu", shi ne abin tuhuma. In labari ya sa zuciyarka tafasa, ka ajiye salula har ta huce.

4. Maganar ciwo, a tambayi likita. Maganar gona, a tambayi malamin gona. Maganar dabba, a tambayi malamin dabbobi. Maganar tallafi, a tambayi mai gari ko ofishin magajin gari. A saurari rediyo a ji ko an faɗa.

5. Kada ka ba kowa lambobin da suka shigo salularka, ko lambar sirrin asusunka na kuɗi, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. WhatsApp yana da kulle na biyu, wata lambar sirri da kai za ka zaɓa. Ka sa ta.

6. In ɗan uwa ya rubuto yana neman kuɗi, ka kira shi. Ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

7. Kada ki aika hoton da ba ki so mahaifinki ya gani. Kada ka aika maganar da ba za ka iya maimaitawa gaban mai gari ba. In wani yana yi miki barazana da hoto, kada ki biya, kada ki ɓoye. Ki gaya wa babba, a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda.

8. In za ka sayar da salula, ko ka kai ta gyara, ka cire hotunanka da saƙonninka tukuna.

9. Shugaban gurup ya kafa doka: ba zagi, ba jita-jita, ba hoton gawa. Wanda ya ƙi ji, a fitar da shi.

10. In ka gane abin da ka tura ƙarya ne, ka koma inda ka tura shi ka faɗa. Wannan ba abin kunya ba ne.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A CIBIYA

Wane labarin ƙarya ne ya taɓa shigowa garinku ta salula? Yaya aka gane shi?

Nawa kowane ɗalibi yake kashewa a mega cikin mako? Ku rubuta a allo, ku yi lissafin wata da na shekara.

Wa za ku tambaya a garinku in wani labari ya rikitar da ku?

Ƴan uwa ɗalibai, ku da kuka fara karatu kuna da nauyi a kanku. Wanda bai iya karatu ba, yakan miƙa salularsa ga wani ya karanta masa, har da lambar sirrinsa. Yakan danna abin da bai sani ba. Ku kuwa kuna iya karanta sunan mai aikowa. Kuna iya duba kwanan wata. Kuna iya rubuta lissafinku da hannunku. Ku taimaki tsofaffi da maƙwabta. Ku karanta musu wannan shafi a dandali da dare, mata kuma su karanta wa ƴan uwansu a wurin biki da wurin tontin.

Kuma kada a mance: saƙon murya ba ya ɗauke gaisuwar mara lafiyan da ke bayan gidanka. Zumunta a ƙafa take.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ƙarya. Amin.